Yadda Ƙananan Kamfanoni, Mata da Masu Buƙata ta Musamman Za Su Nemi Kwangilar Gwamnati ta Intanet

Da yawa daga cikin ƙananan kamfanonin da ke faɗuwa a neman kwangilar gwamnati ba a farashi suke faɗuwa ba. Tun a zagayen farko ake zubar da su, wurin tantance takardu, kafin wani ya leƙa shafin da suka rubuta kuɗinsu. Komawa intanet ya rage wahalar mota zuwa Abuja ko babban birnin jiha, ya kuma rage ikon mai tsaron ƙofa da ke cewa "oga ba ya nan". Amma na'ura ba ta san roƙo ba. Takardar da wa'adinta ya ƙare jiya ta ƙare, ƙofar da aka ce za ta rufe ƙarfe 12 na rana kuma ba ta ƙara wa kowa minti ɗaya. Don haka yawancin aikin ana yin sa ne tun kafin tallar neman 'yan kwangila ta fito.

Abin da doka ta ba ku da abin da ba ta ba ku ba

Kwangilolin gwamnatin tarayya suna ƙarƙashin Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, wadda ta kafa BPP, hukumar da ke sa ido kan ba da kwangilolin tarayya. Dokar Kuɗi ta 2020 ta yi mata gyare-gyare, ciki har da amincewa a miƙa tenda, wato takardun neman kwangila, ta na'ura. Jihohi kuwa kowace da dokarta da hukumarta. Kaduna ta yi tata a 2016 ta kafa hukumarta KADPPA, Jigawa na da ofishinta na bin ƙa'idar kwangila da sa ido kan ayyuka. Shirin SFTAS na Bankin Duniya mai ba jihohi tallafin kuɗi, da ya fara a 2018, ya sa sharaɗin cewa jihar da ke son wani kaso na tallafin sai ta buɗe tsarin ba da kwangila ta intanet, ta kuma riƙa wallafa kwangilolin da ta bayar. Daga nan ne shafuka da dama na jihohi suka samo asali. Sakamakon haka, rajistar tarayya ba ta wadatar da ku a jiha, ta jiha guda kuma ba ta aiki a maƙwabciyarta.

Gara a faɗi gaskiya tun yanzu: dokar 2007 ba ta ware wani kaso na kwangiloli ga mata ko matasa ko masu buƙata ta musamman ba. Kenya ta yi haka, inda tun 2013 aka ware kashi 30 cikin ɗari na sayen kayan gwamnati ga waɗannan rukunoni uku, da takardar shaida ta musamman. A Najeriya Dokar Hana Nuna Bambanci ga Masu Nakasa, da aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware kashi 5 cikin ɗari ne na guraben aikin gwamnati, ba na kwangila ba. Duk wanda ya zo muku da maganar yana da "gurbin mata" da zai sayar muku, ku ce ya nuna muku inda aka rubuta shi a cikin tallar. Idan wata jiha ko wani shiri na masu ba da tallafi ya ba da fifiko na gaske, za ku gan shi a rubuce cikin takardun tendar.

Abin da ke hannu shi ne Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 003 na 2017, wanda ya ce aƙalla kashi 40 cikin ɗari na kuɗin da ma'aikatun tarayya ke kashewa kan wasu kaya su tafi ga kayan da aka ƙera a gida. Cikin jerin akwai yunifom da takalma, abinci da abin sha, kujeru da tebura, kayan rubutu, magunguna da kayan gini. A nan ne telan da ke da kekuna goma da kafintan da ke da yara biyar suke da ƙafar tsayawa.

Takardun da za a tara kafin talla

Fara da rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Iri biyu ne suka fi shafar ku: rajistar sunan kasuwanci da cikakken kamfani. Sunan kasuwanci ya fi araha, amma tallace-tallace da yawa na tarayya an rubuta su ne da cikakken kamfani a zuciya. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, wato mace ba ta buƙatar sa sunan miji ko ƙane don cike gurbi. Ƙungiyoyin gama-kai da suka yi rajista da ma'aikatar jiha kawai su duba da kyau, domin in talla ta ce takardar CAC, takardar ma'aikata ba za ta maye gurbinta ba. Sannan ku riƙa shigar da rahoton shekara-shekara. Kamfanin da ya yi shekaru bai shigar ba, shafin CAC yana nuna shi a matsayin wanda ba ya aiki, kuma kowane ma'aikacin tantancewa zai iya ganin haka cikin minti ɗaya.

Sai takardar shaidar biyan haraji ta shekaru uku da suka wuce. Cikakken kamfani yana karɓar tasa daga hukumar haraji ta tarayya, wadda aka sani da FIRS kafin a sauya mata suna zuwa NRS. Mai sunan kasuwanci kuwa tasa tana wurin hukumar harajin jiharsa, tunda harajinsa na mutum ne. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar cewa tunda an yafe wa ƙananan kamfanoni harajin riba, ba sai sun shigar da bayanai ba. An yafe biya ne, ba a yafe shigarwa ba, kuma wanda bai shigar ba ba zai samu takardar ba. Ku lura da cinikin shekara da aka rubuta a jikinta. Wasu suna rage adadin don gudun haraji, sai talla ta fito da sharaɗin mafi ƙarancin ciniki, su tarar da hannunsu suka rufe wa kansu ƙofa.

Akwai takardu uku na ma'aikata. Ta PenCom tana nuna ana zuba fanshon ma'aikata, kashi 10 cikin ɗari daga kamfani da kashi 8 daga albashin ma'aikaci, tare da inshorar rai ta ma'aikata. Ta NSITF tana nuna biyan kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi don diyyar haɗari a wurin aiki. Ta ITF kuma kashi 1 ce don horar da ma'aikata. Ta PenCom da ta ITF suna da alaƙa da yawan ma'aikata ko girman ciniki, kuma talla kan rubuta daga wane adadi sharaɗin ya fara. Idan kamfaninku bai kai ba, kada ku bar gurbin fayau. Ku rubuta wasiƙa a kan takardar kamfani kuna bayyana yawan ma'aikatanku, ku ɗora ta a wurin.

Da waɗannan a hannu sai a yi rajista a kundin 'yan kwangilar tarayya na BPP, a fitar da rahoton rajista na wucin gadi da ake kira IRR.

Galibin waɗannan takardu ranar 31 ga Disamba suke mutuwa. Wanda ya fara sabuntawa a Janairu zai kasance a shirye lokacin da tallace-tallacen sabon kasafi suka fara fitowa. Wanda ya jira sai ya ga talla, makonni huɗu zuwa shida da ake bayarwa ba za su ishe shi zagaya ofisoshi biyar ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sauran takardun kowace tenda da nata ake yi. Akwai rantsuwar kotu, inda za ku bayyana ko wani jami'in ma'aikatar ko na BPP yana da hannun jari ko wata moriya a kamfaninku, da cewa kamfanin bai durƙushe ba, ba kuma wani darakta da aka taɓa ɗaurewa kan zamba. Sabuwa ake yi da sunan aikin, ba tsohuwa ta bara ba. Akwai wasiƙar banki mai nuna zai iya ba ku rance idan kun ci aikin. Akwai lissafin kuɗi na shekaru uku da odita ya sa wa hannu da hatimi. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa wa ƙananan kamfanoni wajibcin ɗaukar odita, amma masu tenda ba su daina tambaya ba. Sai shaidar ayyuka makamanta, yawanci uku cikin shekaru biyar: takardar ba da aiki, takardar kammalawa, da hotuna.

Rajista a shafin

Abu na farko shi ne suna. Yadda aka rubuta sunan kamfani a takardar CAC, haka zai kasance a lambar haraji, a asusun banki, da a shafin neman kwangilar. Wani wuri "Muhammad", wani wuri "Mohammed", ya isa ya tsayar da tantancewa, ko ya tsayar da biyan kuɗi bayan an gama aiki.

Na biyu, imel da lambar waya su zama na mai kamfani. An saba a je shagon kwamfuta, yaron shago ya buɗe asusun da imel ɗinsa don sauri. Daga ranar shi ne ke karɓar saƙon gyaran talla da lambar sirri ta shiga, kuma ranar da ya koma makaranta ko ya canja layi, asusun ya tafi da shi. Ba laifi a nemi taimako, amma ku zauna kusa, ku shigar da kalmar sirri da hannunku, ku tabbatar an fita daga asusun kafin ku tashi.

Na uku, rukunin sana'a. Shafukan suna tambaya ko kaya kuke kawowa, ko gini, ko hidima, da girman aikin da za ku iya. Ku zaɓi abin da takardunku na CAC suka ce kamfanin yana yi. A wasu shafukan, tallar da ba ta rukuninku ba ba za ta ba ku damar shiga ba ma.

Ku yi sikanin kowace takarda daga asalinta, ba daga kwafi ba, a mayar da ita PDF. Hoton waya mai inuwar yatsa da gefen tabarma ba ya nuna kamfani mai tsari, kuma idan lambar takarda ko ranar ƙarewarta ba ta karantuwa, kamar ba ku kawo ba ne. Kowane shafi yana da iyakar nauyin fayil. Ku rage nauyin, sannan ku buɗe ku gani ko hatimin yana fita. Ku sa wa fayilolin suna mai ma'ana da shekara, ku ajiye kwafi a filashi da kuma a imel.

Wace tenda za a shiga

Tallace-tallacen tarayya suna fita a mujallar tenda ta tarayya, da jaridun ƙasa aƙalla biyu, da shafin ma'aikatar, da allon sanarwarta. Shafin NOCOPO na BPP da shafin Budeshi na ƙungiyar PPDC suna nuna kwangilolin da aka bayar a baya, da wanda ya samu da nawa. Awa biyu a kansu za su nuna muku farashin da ma'aikata ta saba saye.

Sabon kamfani kada ya fara da babbar tenda. Doka ta yarda a sayi ƙananan kaya ta hanyar neman farashi daga aƙalla kamfanoni uku da ba su da alaƙa da juna. Ku kai bayanan kamfaninku sashen sayen kaya na asibitin tarayya, kwalejin ilimi ko jami'ar da ke kusa da ku, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafi. Irin waɗannan ƙananan ayyukan ne ke haifar da takardun kammalawa uku da babbar tenda za ta tambaya. A manyan tallace-tallace kuma ku duba yadda aka rarraba aikin rukuni-rukuni, ku ɗauki ɗaya da kuka fi ƙarfinsa. Tallar kan faɗi iyakar rukunonin da kamfani ɗaya zai nema, wuce iyakar kuma na iya zubar da duka.

Idan kuna da gwaninta amma ba ciniki mai yawa, haɗin gwiwa da wani kamfani halas ne. A rubuta yarjejeniya: wa ke jagora, kaso nawa kowa, wane asusu kuɗi zai shiga, su wa za su sa hannu. Kowane ɓangare yakan kawo nasa takardun haraji da na rajista. Wannan daban yake da aron kamfani, inda wani mai kuɗi ko ɗan siyasa zai karɓi takardun mace ko na mai nakasa ya nemi aiki da su, ya ba ta ɗan abin sabulu. Idan aikin ya lalace, sunan da ke takarda shi EFCC za ta nema, harajin ma a kansa zai hau. Haka nan shigar da kamfanoni uku na gida ɗaya don a nuna kamar an yi gasa. Dokar 2007 ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ba zaɓin tara, kamfanin kuma a hana shi kwangila aƙalla shekara 5 tare da tarar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin aikin.

Farashi

Ba mafi arha kawai ake ba ba. Mafi arha ne a cikin waɗanda suka cika dukkan sharuɗɗa. A ɗauki misalin bencin makaranta 200. Ku lissafa katako, ƙarfe, fenti, ladan ma'aikata, mota har makarantar da aka ambata, lodi da saukewa, kuɗin garantin banki, sannan riba. A ce kowane benci ya tsaya naira 45,000. Jimilla 9,000,000, harajin VAT na kashi 7.5 ya zama 675,000, gaba ɗaya 9,675,000. Daga abin da za a biya ku za a riƙe VAT ɗin da wani harajin tun daga tushe, wato ba duka ne zai shiga asusunku ba. Ku kuma duba kwanakin da aka ce farashinku zai tsaya ba canji. In kwana 90 ne ko 120, ku tambayi kanku nawa katako zai kai a lokacin.

Idan lissafi ya saɓa, ƙa'idar da aka saba bi ita ce farashin guda ɗaya ya rinjayi jimilla, abin da aka rubuta da kalmomi kuma ya rinjayi lambobi. Sifili ɗaya da ya faɗi a layin farashin benci zai iya ɗaure ku da alkawarin da ba za ku iya cikawa ba. A sa mutum na biyu ya bi lissafin da kalkuleta.

Kuɗin fom, wanda a tallace-tallacen tarayya ya daɗe yana naira 10,000 kowane rukuni, ta Remita ake biyansa zuwa asusun gwamnati. Duk wanda ya turo lambar asusun mutum, ɗan damfara ne. Manyan tendoji suna neman garantin banki da bai wuce kashi 2 cikin ɗari na farashinku ba, kuma banki kan ɗauki kwanaki kafin ya fitar.

Ɗorawa

Yawanci gida biyu ne: na takardun cancanta da na farashi. Kada farashi ya ɓulla a gida na farko ko da a cikin wasiƙar gabatarwa ne, domin hakan kaɗai yana fitar da kamfani. Ku sa hannu da hatimi a duk inda fom ya nema kafin sikanin.

Ku ɗora kwana biyu kafin rufewa. Ranar ƙarshe kowa yana kan shafin, yana nauyi, ga wuta ga sabis. Agogon shafin ake bi, ba na wayarku ba. Kuma ajiyewa daban, miƙawa daban: da yawa sun ɗora komai, suka rufe kwamfuta, tendar tana nan a matsayin daftari. Sai kun ga lambar shaidar karɓa ko saƙon imel, ku ɗauki hotonsa mai nuna rana da lokaci. Idan shafin ya ƙi aiki, ku ɗauki hoton kuskuren, ku tura imel ga sashen sayen kaya kafin lokaci ya cika. Ƙorafin da ya zo bayan rufewa ba shi da nauyi. Ku ci gaba da leƙa shafin har ranar ƙarshe, don akan fitar da gyara da zai canja adadi ko rana. Wasu ma'aikatun har yanzu suna haɗa intanet da ambulan da za a jefa a akwati. In talla ta ce duka biyun, duka biyun za a yi.

Ga makafi, babbar matsalar ita ce takardun tenda da aka ɗora a matsayin hoto, waɗanda manhajojin karanta allo irin su NVDA da TalkBack ba sa iya karantawa. Ku rubuta tun makon farko ku nemi kwafin da ke rubutu ne na gaske, kuna ambaton dokar masu nakasa ta 2019. Manhajar mayar da hoto rubutu tana taimakawa, amma takan rikita lambobin cikin jadawali, don haka wani amintacce ya karanta muku adadin a bayyane. Kurame su nemi a ba su amsoshin taron share fage da ake yi da masu neman aikin a rubuce. Wanda ba zai iya zuwa duba wurin aiki ko zaman buɗe tenda ba, ko matar da fita ke mata wuya, za su iya tura wakili da wasiƙar izini a kan takardar kamfani.

Idan ba ku samu ba

Ana buɗe tenda a bainar jama'a da zarar lokaci ya cika, a karanta sunan kowa da farashinsa, da masu sa ido daga ƙungiyar ƙwararru da ƙungiya mai zaman kanta. Ku halarta ko ta bidiyo ne, ku rubuta abin da aka karanta. In kun faɗi, kuna da ikon neman a gaya muku dalili, ku nema a rubuce.

In kun ga an karya ƙa'ida, akwai matakala, kuma kwanakinta a ƙirge suke. Cikin kwanakin aiki 15 daga ranar da kuka sani, ku rubuta wa babban sakataren ma'aikatar ko shugaban hukumar. Yana da kwanakin aiki 15 ya yanke hukunci. In bai amsa ba ko ba ku gamsu ba, kuna da kwanakin aiki 10 ku kai wa BPP, ita kuma tana da 21. Daga nan sai Babbar Kotun Tarayya cikin kwana 30. Wasiƙar ta faɗi lambar tenda, sharaɗin da aka saɓa, da shaidarku, ba zagi ba zargin da ba hujja. Jihohi suna da irin wannan tsarin amma kwanakin kan bambanta, sai a duba dokar jihar.

Idan kun samu

Kada ku sayi ko ƙusa ɗaya kafin a sa hannu a yarjejeniya. Takardar ba da aiki ta bogi tana yawo sosai, ku je sashen sayen kaya da kanku ku tabbatar. Kuɗin kafin alƙalami, wanda gyaran 2020 ya ɗaga daga kashi 15 zuwa iyakar kashi 30 ga 'yan kwangilar gida, ba dole ba ne a bayar, in za a bayar kuma sai da garantin banki ko na kamfanin inshora. Wanda ke gudun kuɗin ruwa zai iya kai takardar aikin bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, ya tambayi tsarin murabaha, inda banki ke sayen kayan ya sayar masa da ribar da aka sani tun farko.

Ranar kai kaya, ma'ajin sito ya ƙirga a gabanku, ya sa hannu a takardar kai kaya, ya ba ku shaidar shigarsu sito. Ku miƙa takardar neman biya a buga muku hatimi mai kwanan wata a kan kwafinku, domin daga wannan ranar ake ƙirga kwana 60 da doka ta ce in sun wuce biyan ya zama jinkiri mai jawo ƙarin kuɗi. Ku karɓi shaidar harajin da aka riƙe muku, za a rage shi daga harajinku na shekara. Takardar kammala aiki kuma ku nema a makon da kuka gama, tun jami'an da suka ga aikin suna kan kujerunsu, ku yi sikanin ta, ku ƙara ta cikin fayilolin kamfani.